Turancin da Ya Kusa Ɓoye Mana Dafin Gamsheƙa

Ranaku da yawa sun shige a rayuwata waɗanda ko an tuna mini sai na yi ta laluben su, amma akwai wata Asabar da na tabbata ko tsufa ya kwashe mini komai ita za ta rage. Ita ce ranar da maciji ya sari baƙuwata a gidanmu na gungu, muka tsaya a kanta muna jayayya kan ma'anar kalma ɗaya ta Turanci, dafi kuwa yana ta hawa jikinta.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Yelwa. Turancina na kwalejin horon malamai ne. Ina karantawa in gane, ina gaisawa, ina kuma iya jan hira in dai ba a yi mini gudu ba. A shekarar aka turo mana wata 'yar bautar ƙasa daga Legas don ta koyar da Turanci. Siririyar yarinya ce mai tabarau, wadda da Turanci ta buɗe baki, don ta ce ko yaren iyayenta ji kawai take yi, ba ta iya mayarwa. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode da nawa ne ba. Malamai da ɗalibai duk Kofa muke kiran ta, kamar yadda ake kiran 'yan bautar ƙasa, ni kuma tana ce mini Anti. Ɗakinta yana jikin nawa a gidajen malamai, shi ya sa muka shaƙu. Ni nake raka ta kasuwa, ni na koya mata cin tuwon shinkafa da miyar kifi ba tare da ƙaya ta shaƙe ta ba.

Da matar ƙanena ta haihu, na gayyace ta suna. Garinmu gungu ne, wato tsibiri a tsakiyar ruwa, in ka bar Yelwa ka yi wajen Shanga. Babu hanyar zuwa sai jirgi. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya tumbatsa, ya shanye gonakin bakin gaɓa har ya kusa taɓa dangar gidajen ƙarshe. Mun haye ranar Juma'a da yamma. Tun a daren Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ta kamar 'yar da ta haifa. Ba mai jin yaren wata, amma suka zauna suna tsinkar zogale suna dariya, sai ka ce sun shekara tare.

Da safe aka raɗa suna, maza suka watse zuwa rumfar ƙofar gida, mata suka koma bayan gida inda aka girke manyan tukwane. Kofa ta ƙi zama. Duk wadda ta ce ta huta sai ta yi murmushi ta ci gaba da kai-kawo. Da wutar tukunya ɗaya ta yi ƙasa, sai ta nufi tarin itacen da ke jikin rumbu don ta ɗebo. Mu 'yan gungu mun san in ruwa ya cika, duk abin da ke cikin ciyawa gida yake gudowa, kuma ba a cusa hannu cikin itace sai an fara bugun sa da sanda. Ita ba ta sani ba, kuma abin ya faru kafin wani ya ɗaga kai.

Ba ta yi ihu ba. Wata 'yar ƙara ta yi, ta ja da baya tana yarfe hannu. Ɗaya daga cikin masu girki ce ta ga baƙin abu mai tsawo yana sulalewa ƙarƙashin rumbun, ta saki muciya ta ce abin ƙasa ne, gamsheƙa ce. Na ruga na kama hannun. A bayan hannun dama, kusa da ƙaramin yatsa, akwai ɗigo biyu ƙanana kamar an soka allura. Jinin ma bai taka kara ya karya ba.

Nan take gida ya hargitse. Inna ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mata dantse, aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro aka zaunar da ita. Maza suka shigo, Kawuna a gaba. Kawu yayan Inna ne, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu. Ya daɗe yana tuƙa babbar mota tsakanin Yauri da Legas kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma a duk gungun shi ake kira in an sami baƙon da ba ya jin Hausa. Mutum ne mai natsuwa, ba mai garaje ba. Ya duƙa ya duba hannun, ya danna gefen wurin, ya ce babu kumburi. Ya ce ya sha ganin maciji ya sari mutum bai zuba dafi ba, musamman in tsorata shi aka yi. Ya sa aka tura ƙaramin kwalekwale gungun da ke maƙwabtaka da mu a ɗauko wani dattijo da ya yi suna wajen maganin sara.

Na ce da Kawu ko za mu haye da ita asibitin Yelwa. Sai ya nuna mini gabas da haɓa. Hadari ne ya haɗo, baƙi ƙirin tun daga ƙasa, irin na bankwanan damina mai zuwa da iska. Duk wanda ya tashi a bakin wannan ruwan ya san abin da iska take yi wa jirgi a tsakiyarsa. Babu gidan da ba shi da wanda ya tafi bai dawo ba. Kawu ya ce ba zai jefa 'yar mutane cikin ruwa a kan ciwon da bai ga alamarsa ba. Ko yanzu in na tuna, ban ga laifin maganarsa ba. Ita kanta Kofa dariya take yi, tana ba mutane haƙuri wai ta ɓata musu biki.

Haka muka zauna jiran mai magani. Mata suka koma kan tukwane rabi da rabi, ido yana kanmu. Ni ina gefenta ina yi mata fifita. Can sai na ga ta cire tabarau tana murza ido. Ta mayar, ta sake cirewa. Da na yi mata magana, sai ta ɗaga haɓa sama ta leƙo ni ta ƙasan fatar ido, kamar mai leƙen ƙarƙashin labule. Na tambaye ta yaya take ji.

Ta ce, a hankali, har da ɗan murmushi, "Sorry, Aunty, I can hardly keep my eyes open."

Inna ta matso ta ce, "Mi ta ce?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya amsa. Ya ce yarinya ta ce tana iya buɗe idanunta da ƙarfinta, don "hard" ƙarfi ke nan, kowa ya sani. Aka yi ta hamdala. Wata gwaggona har ta koma ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Ni kuwa sai na tsinci kaina a tsaka mai wuya. Abin da kunnena ya ji shi ne "I can," wato zan iya. Ban ji "not" ba, ban ji "can't" ba. Tun muna firamare abin da aka dasa mana ke nan: in Bature zai ce bai iya ba, sai ka ji ɗayan biyun nan. Mu a Hausa ma ai ba a ɓoye ta. Sai mu sa "ba" a gaba mu sa "ba" a baya, ko mu ce na kasa, ko ya gagare ni, ko ya fi ƙarfina. Kurma ne kaɗai zai ce bai ji ba. Ita kuwa wannan "hardly" na sha cin karo da ita a littafi, nakan tsallake ta in wuce, don ban taɓa shiga halin da ma'anarta za ta dame ni ba. To ga ta yau ta tare ni. Kunnena yana cewa lafiya lau, idona yana cewa ƙarya ne. Wanda yake iya buɗe ido da ƙarfi ba ya ɗaga haɓa kafin ya ga na gabansa.

Na ɗebo ruwa a kofi na kai mata baki. Ta kurɓa, ta riƙe shi a baki, na ga maƙogwaronta yana motsi amma ruwan bai wuce ba. Sai ya biyo gefen bakinta ya zubo kan riga. Ta sa hannun hagu ta goge, cikin jin kunya, ta ce, "I can't seem to swallow it."

Wannan karon Kawu ya ji "can't," amma ya ji "seem" ma. Ya ce ai ta ce kamar-kamar ne, ba ta tabbatar ba, tsoro ne ya riƙe mata wuya, kuma kowa aka ce maciji ya sare shi haka zai ji. Gaskiya kuma muryarta ta taimaka wa fassararsa. Yadda ta faɗe ta, sai ka ce mai ba da haƙuri don ta zubar da shayi a tabarmar mutane. Babu kuka, babu kiran uwa.

Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta na riƙe fuskarta da hannu biyu ba. Na tattaro ɗan Turancin da nake da shi na ce mata ta ajiye nahawu a gefe, ta amsa mini da kalma ɗaya tak, e ko a'a. Na ce, za ki iya buɗe idonki? Ta ce, "No." Na ce, za ki iya haɗiye ruwa? Ta ce, "No." Sannan ta ƙara wata magana da harshe mai nauyi, kamar an cika mata baki da tuwo. Sai da na kai kunne kusa na ji. Cewa take yi "hardly" yana nufin da ƙyar, kusan ba ta iyawa sam. Ko a wannan halin malanta ba ta sake ta ba.

Na miƙe na fuskanci Kawu. A gidanmu mace ba ta gyara wa babba magana a gaban maza, ni ma ban taɓa yi ba, amma ranar bakina ya riga tunanina.

Na ce, "Kawu, ka gafarce ni, ba haka ta ce ba. Cewa ta yi ta kasa. Tun ɗazu take gaya mana ta kasa, mu ne ba mu ji ba."

Kawu ya dube ni, ya dubi yarinyar. Ya duƙa da gwiwarsa mai ciwo, ya sa babban yatsa ya ɗaga mata fatar ido, ya saki. Fatar ta faɗo kamar ba rai a jikinta. Ya sake ɗagawa ya saki, ta sake faɗowa. Sai ya miƙe ya ce da ƙanena ya ruga ya kira mai jirgi, ya ce masa in ji shi, yanzu.

Mai jirgin dattijo ne Bagunge, wato ɗan asalin gungu, abokin mahaifinmu, wanda aka haifa a kan ruwan nan. Ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon gabas. Ya ce zai ɗauka, amma mutum huɗu kawai, ita da ni da Kawu da ƙanena, don jirgi ya yi sauƙi. Ya ce in mun wuce tsakiya kafin iska ta sauko, to, in kuma ba mu wuce ba, kowa ya riƙe abin da ya iya na addu'a. Inna ta biyo mu har bakin ruwa ba ɗankwali, tana tofa wa Kofa addu'a a ka tana cewa, "Ɗiyar mutane, Allah Ya mai da ke ga uwarki."

Mun riƙo ta ni da wata mata, tana jan ƙafa, har muka iso gaɓa. Da na ce ta ɗaga ƙafa ta shiga jirgi, sai ta tsaya cak. Ta ce, "My legs won't move." Na san "won't," ita ce ta ƙin yin abu. Sai zuciyata ta ce ko tsoron ruwa ne ya kama ta, ta ga hadari ta ce ba za ta shiga ba. Na fara lallashin ta. Ƙanena dai bai tsaya jin Turanci ba, ya sunkuce ta kamar jaririyar da aka raɗa wa suna da safe, ya shimfiɗa ta a cikin jirgi, kanta a kan cinyata.

Da farko ruwan lafiya lau, shiru kamar an shafe shi da man gyaɗa, irin shirun da masu jirgi ba sa so. Inji yana ta kuka, gungunmu yana ƙanƙancewa a baya. Ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Yawu ya fara taruwa a bakinta, na juya ta kan gefe ina gogewa da bakin mayafina. Muna dab da tsakiya iskar ta iso. Sanyinta muka fara ji a wuya, sannan ruwan ya canza launi, ya yi duhu, ya fara tasowa. Taguwar farko ta daki gefen jirgi ta watso mana. Ƙanena ya ɗauki yankakkiyar jarka ya hau kwarfa. Ruwan sama ya sauko kamar ana watsa tsakuwa, gaɓar Yelwa da muke hange ta ɓace.

A nan inji ya yi tari sau biyu ya mutu.

Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin na mutuwar injin nan ba, duk da iska tana ta ruri. Jirgi ya fara juyawa yana ba taguwa gefe. Mai jirgi ya miƙa wa Kawu filafili ya ce ya riƙe hancin jirgi yana kallon iska ko da hannunsa zai tsinke. Shi kuma ya kwanta a kan gindin jirgi, rabin jikinsa a waje, ya ɗago injin yana cizge ciyawar da ambaliya ta kwaso ta naɗe farfela. Ya gama ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, shiru. Ƙanena ya tambaye shi me ya faru. Ya ce, "Ya ƙi tashi."

Wallahi a tsakiyar wannan tashin hankali maganar ta faɗo mini a ka. Ya ƙi tashi. Inji ba shi da zuciyar da zai yi gardama da ita, amma mun ce ya ƙi. Ashe abin da yarinyar nan ta gaya mini ke nan a bakin gaɓa. Ba ita ta ƙi ba, ƙafafun ne suka ƙi, ta umarce su sun daina jin maganarta. Ni kuma na tsaya ina lallashi. Na dube ta a cinyata, ruwa yana dukan fuskarta ko ƙiftawa ba ta yi. Na lulluɓe mu da mayafi ni da ita.

A ƙarƙashin mayafin na ji leɓenta yana motsi. Na kai kunne. Ta ce, "Aunty, I don't think I can..." Ba ta ƙarasa ba. Da a ce da safe ne ta faɗi haka, da na ce tunani take yi, ba ta tabbatar ba. Amma zuwa lokacin na gane yadda take magana. Duk abin da ta naɗe a cikin laushi, ya riga ya faru. Numfashi take nufi. Na sa tafin hannu a ƙirjinta, na ji yana ɗagawa kaɗan-kaɗan kamar na ɗan tsako. Turancina ya gudu gaba ɗaya. Da Hausa na dinga yi mata magana, ina cewa ja, ƙanwata, ja numfashi, ga gari can, saura kaɗan, ja. Ban san ko tana ji ba. Kawu yana fama da filafili yana salati da ƙarfi, ƙanena yana kwarfa, ruwa ya kai mana idon sawu.

Mai jirgi ya buɗe wani abu a jikin injin, ya busa, ya goge da rigarsa, ya mayar. Ya yi bisimilla ya ja igiya da dukan ƙarfinsa. Injin ya yi tari, ya yi kamar zai sake mutuwa, sannan ya kama. Dattijon ya juya hancin jirgi ya dinga yanka taguwar a karkace, yana hawa yana sauka, har muka fara ganin inuwar itatuwan gaɓa ta cikin ruwan sama.

Wayata tana cikin leda a ƙugu. Da na ga ta kama sabis, na kira shugabar makarantarmu, na gaya mata cikin kalmomin da ban san yadda suka fito ba. Allah Ya saka wa matar nan. Kafin mu taɓa gaɓa tana tsaye a cikin ruwan sama da motar wani maƙwabcinta, kuma ta riga ta aika asibiti an sanar.

Lokacin da aka shigar da Kofa, ƙirjinta ya kusa daina motsi, leɓenta ya canza launi. Likitan saurayi ne, shi ma ɗan kudu, ba ya jin Hausa sosai. Bai ɓata lokaci ba. Aka kifa mata wata roba a hanci da baki, wata nas ta hau matsa wata jaka mai kamar ƙwallo tana tura mata iska. Aka sa mata ƙarin ruwa da maganin dafi a ciki, aka kwance ɗankwalin Inna a hankali. Likita ya tambaye ni wane irin maciji ne, da wane lokaci, da abin da ta fara kuka da shi. Na maimaita masa maganarta ta ido kamar yadda ta faɗa. Yana ji ya gyaɗa kai, bai nemi ƙarin bayani ba. Kalmar da ta tsayar da gidanmu guda, shi a wurinsa a fili take kamar rana.

Da ya fito, muka tare shi ni da Kawu. Ya dube mu ya ce, "I'm afraid I can't promise you anything."

Kawu ya juyo gare ni, fuskarsa ta faɗa. Wannan karon bai fassara ba, tambaya ya yi. Ya ce, "Shi ma likitan tsoro yake ji?"

Na ce ina jin ba tsoro yake nufi ba, yana dai gaya mana cikin ladabi ne cewa ba zai iya yi mana alkawari ba. Wata nas Bahaushiya da ke wucewa ta ce haka ne, haka suke faɗa in labarin ba mai daɗi ba ne. Kawu ya ce to wannan gaskiya ya faɗa, ran ba a hannunsa yake ba.

Jakar nan ba a daina matsa ta ba. Ma'aikata kaɗan ne, marasa lafiya da yawa, hannu kuma yana gajiya. Sai nas ta nuna mana yadda ake yi, muka shiga layi. In na gaji ƙanena ya karɓa, in ya gaji Kawu ya karɓa. Har yau ina ganin hannun Kawu, ƙaton hannun da ya shekara yana murɗa sitiyarin babbar mota, yana matsa jakar nan a hankali kamar mai tatsar akuya, tufafinsa a jiƙe, ya ƙi zuwa ya canza. Haka muka yi tun daga la'asar har gari ya waye.

Da hantsi ina kan layi na ji yatsanta ya motsa a cikin hannuna. Na ɗauka ni ce nake rawa. Sai na ga fatar idonta ta ɗaga kaɗan, kamar tsagar ƙofa. Na kira nas. Zuwa azahar ta fara jan numfashi da kanta, aka cire jakar. Kawu ya fita waje ya zauna a gindin wata bishiya ya rufe fuska da hula. Ban bi shi ba.

Mahaifiyarta ta iso daga Legas bayan kwana biyu. Ta so ta tafi da ita, amma Kofa ta ce sai ta ƙarasa hidimarta. Ta koma ɗakinta na jikin nawa, Inna kuma ta dinga aiko mata da busasshen kifi duk jirgin da ya hayo.

Wata rana da yamma muna zaune a baranda, hannun ya warke, na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce don me ba ta fito fili ta ce mana ta kasa ba tun farko, ta tsaya zagaye-zagaye rai yana fita? Sai ta zaro ido, da gaske mamaki take yi. Ta ce ai ta faɗa, a fili ma kuwa. Ta ce da a gidansu ta furta maganar idon nan, da kafin ta rufe baki an fito da mota. Ta bayyana mini cewa masu Turanci ba kasafai suke jefa wa mutum "I can't" tsirara ba. Wani ya ce "hardly," wani ya ce abin ne "won't," wani ya fara da "I'm afraid" ko "I don't think," wani ma ya ce "I wish I could," wato da zai iya da ya yi. Duk kasawa ce, an dai yafa mata mayafi. Ta ce sau da yawa ma in abin ya fi tsanani, an fi sassauta murya.

Na ce wannan wace irin al'ada ce, mutum yana mutuwa yana ladabi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ni ce zan faɗi haka? Ta ce a watanninta na farko wata ɗalibarta ta kwanta ciwo, ta je gaishe ta. Ta tambayi uwar yarinyar yaya jiki, uwar ta ce da sauƙi. Ta dawo ta tambayi ma'anar, aka ce mata ai yana nufin an samu sauƙi. Ta je ta gaya wa 'yan ajin cewa ƙawarsu ta kusa dawowa. Kwana kaɗan aka wuce da yarinyar babban asibiti ranga-ranga, sai da ta yi wata guda a kwance. Ta ce tun daga nan ta lura, Bahaushe ko an ɗauke shi a kan katifa za a sa a mota, ka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi.

Gaskiya ta faɗa. Ni kaina na sha faɗin haka ina jin kamar kaina zai rabe.

Shekaru sun wuce, Kofa ta yi aure a can garinsu, Kawu ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Abin da ranar nan ta bar mini shi ne, kowane yare yana da hanyar da yake rufa wa kasawa asiri, don ɗan Adam ba ya son ya ce na kasa a gaban mutane. Sanin kalmomi yana da amfani, na kuma koma na koye su da kyau, amma bai isa ba. Dole ka haɗa da kallon mai maganar. Shi ya sa har gobe in na je gaida mara lafiya ya ce mini da sauƙi, nakan amsa da Allah Ya ƙara sauƙi kamar yadda aka saba. Sannan in ja kujera in matso kusa, in dube shi da kyau, in sake tambaya.